Bazazzagi Ya Sayi Takarda, An Ba Shi Gyaran Kare

Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida da baransa. Ka roƙe ni kada in faɗa wa kowa, kuma na cika alkawari, ban faɗa ba, rubutawa kawai na yi. Ko da ma na yi shiru, babu wanda ke layin 'yan rodi a Ƙofar Ruwa da bai san ka yi baƙo ba, tun daga 'yan dako har mai shayin bakin titi. Shekara da shekaru kana cin arzikin Kano, mun ba ka rumfa, mun ba ka ruwan sha, ko goro ba ka taɓa raba mana ba. Amma ranar da aka sauke maka kare a keji daga bayan mota, har lemo ka saya wa maƙwabta. An ce ka kuma kafa doka a daina ce masa kare, sunansa Kaftin.

Na je na ga Kaftin. Tubarkalla, akwai girma, akwai gashi, ga kunnuwa a miƙe. Abin da na nema na rasa shi ne aikin da aka ɗauke shi dominsa. Ka ce gadin sito zai yi. Da rana yana shimfiɗe a ƙarƙashin fanka, harshe waje, yana haki. In an ɗauke wuta yaronka ya ruga ya tayar da janareta, janaretan da mu 'yan Adam ba mu taɓa cin albarkacinsa ba. Da dare kuwa dattijon Buzun nan mai gadinka shi ke tsaron sito, shi ke kuma tsaron Kaftin kada a sace shi, tunda ya fi rabin abin da ke ciki tsada. An samu ci gaba ke nan. Da abu ɗaya Buzu ke gadi, yanzu biyu, albashi kuma yana nan yadda yake.

Da na tambaye ka me ya kai ka zuba kuɗin da ya isa sayen sabon babur a kan dabbar da ba a yanka ta da layya, ba ka buɗe mini bakinsa na ga haƙora ba, ba ka sa shi ya yi gudu na ga ƙafafu ba. Durowa ka jawo, ka zaro wata takarda a leda, mai hatimi ruwan zinare, ɗauke da sunan uba da kaka da kakan kaka. Nan take na gane ciwon. Ku Zage-zagi tun da aka kawo muku Kwalejin Barewa a 1949, aka ƙara muku da jami'a a Samaru a 1962, kuka kamu da son satifiket, har yau ba ku warke ba. Da kura za ta zo muku da shaidar kammala karatu, da kun ba ta ɗaki kusa da turken awaki. Takarda ka saya, mutumina, karen gyara aka ba ka.

Abin kunyar shi ne a Ƙofar Ruwa kake kwana kake tashi. Nan ne kasuwar da in ka miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha biyu fulogi a kwali, zai ajiye kwalin gefe, ya jujjuya ƙarfen a tafin hannu, ya gaya maka orijinal ne, ɗan Beljiyam ne, ko jabu. Ya san kwali a kowane lungu ana buga shi. Takardar asalin kare ma haka take, duk mai kwamfuta da firinta zai iya nemo wa Kaftin kaka a Jamus kafin a kira la'asar. Ta gaskiyar tana da ƙungiyar da ta yi rajista, tana da lambar da za ka bi ka tabbatar, kuma yawanci akwai 'yar ƙwayar na'ura da ake sa wa karen a ƙarƙashin fata, lambarta daidai da wadda ke rubuce. Na ce ka ga uwar? Ka ce a'a. Uban fa? Ka ce ka ga hotonsa a Facebook. Ina aka haife shi? A bakin tasha aka miƙo maka shi. Tun muna yara ake gaya mana ba a cinikin biri a sama, ashe karatun bai kai Zariya ba.

To zauna in yi maka darasi, tunda darasi kuke so. Wannan abin da kuke kira tsantsar iri ba tsohon abu ba ne. Badalar da ke bayan rumfarka, wadda aka soma ginawa zamanin Sarki Gijimasu, ta girme shi da shekara ɗari bakwai da ɗoriya. Karnuka iri-iri kam suna nan tun fil azal, na farauta da na kiwo da na gadi, kowa yana haɗa wanda ya iya aiki da wadda ta iya. Turawan Ingila ne suka mayar da abin gasar kyau. An yi gasar farko a Newcastle a 1859, a 1873 suka kafa ƙungiyar da ke riƙe littafin nasabar karnuka. Sannu a hankali aka rufe ƙofar littafin, kare ba ya shiga sai uwarsa da ubansa suna ciki. Dangin Kaftin kuwa, in har takardarka ba ta yi ƙarya ba, a 1899 aka fara rubuta su, Sarki Alu yana kan gadon Dabo, ku kuma kuna fama da Sarki Kwasau. Wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, shi ya ga wani kare a wurin gasa ya burge shi, ya saya, ya sa masa suna Horand, ya kafa ƙungiya, ya rubuta shi lamba ɗaya. Don kama da hali su zauna daram, aka yi ta haɗa 'ya'yan Horand da jikokinsa a tsakaninsu. Kafin wannan rana karnukan makiyayan tumaki ne na ƙauyukan Jamus, kowanne da kamarsa, babu mai hatimi ko ɗaya. Wato basaraken da kake ƙona wa fetur jikan karen ƙauye ne, ƙauyen ne kawai ya yi nisa.

Rufe littafin nan yana da farashi, kuma karnukan ne ke biya. Kowace dabba gadonta biyu-biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Akwai lahanin da ke ɓoye a jini, in ya zo ta gefe ɗaya lafiyayyen gefen yana rufa masa asiri, karen ya rayu ba wanda ya sani. In kuwa uwa da uba jini ɗaya ne, sai lahanin ya zo ta gefe biyu a ɗa guda, babu mai rufa wa wani. Ga kuma abin da alƙalan gasa suka ƙara da shi na son siffa: wannan a gajarta masa hanci, wancan a gangarar masa da baya. Karen Jamus ya yi suna da ciwon ƙugu. Kan ƙashin cinya ba ya zama sosai a gurbinsa, sai ya riƙa gugar juna, kare ya fara ɗingishi, ya ƙi hawa tudu, in zai yi gudu ya ɗaga ƙafafun baya tare. Ka taɓa lura da yadda Kaftin ke miƙewa in ya daɗe a kwance? Ni na lura. Ka yi sa'a Asibitin Ƙashi na Dala yana nan kusa da kai, ko a ƙafa ka je. Sai dai kada ka wahalar da kanka, ba sa yanka wa kare kati, ko da satifiket.

Su masu abin ma sun gaji. A 2008 BBC ta yi wani shiri da ya tona yadda kiwon gasa ke nakasa karnuka a Ingila, hayaniyar da ta biyo baya ta sa gidan ya daina nuna babbar gasarsu ta Crufts daga 2009. Wani bincike da aka buga can a 2010 ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na haihuwar karen nan mai murtukakkiyar fuska, buldog, sai an yi wa uwar tiyata, don kan 'ya'yan ya fi ƙarfin ƙugunta. A Norwe magana har kotun ƙoli, wadda a 2023 ta hana ci gaba da haɗa wani ɗan ƙaramin karen ado mai suna Cavalier King Charles, saboda ƙoƙon kan da ya yi wa ƙwaƙwalwarsa kaɗan. Duk waɗannan suna da takarda, kuma tasu ba a lungu aka buga ta ba.

Na san amsarka tun kafin ka buɗe baki. Za ka ce Bakano ne, rowa ke magana, duk abin da ya wuce araha a wurinsa asara ne. To bari in ba ka naka haƙƙin, don mu ba ma tauye mudu ko ga bara. A 2013 masana a Jami'ar Kaliforniya da ke Davis sun duba bayanan karnuka sama da 27,000 a kan cututtukan gado 24. Goma sun fi yawa a masu tsantsar iri, ɗaya, tsinkewar jijiyar gwiwa, ya fi yawa a gauraye, sauran 13 kuwa babu bambanci, kuma ciwon ƙugun nan yana cikinsu. Saboda haka wanda ya ce maka da zarar an gauraya jini ciwo ya wanke, ya yi maka ƙarya. Gaurayen da suka auna yawancinsu 'ya'yan waɗancan manyan ne, sun gaji abin da suka gada. Kuma tsantsar iri tana da amfaninta: tun yana ɗan kwikwiyo ka san girman da zai kai, ka san abincin da zai ci maka, kana da hasashen halinsa. Shi ya sa 'yan sanda da masu farautar miyagun ƙwayoyi ke neman irinsu. Sai dai su sukan gwada lafiya, su gwada hali, su yi wata da watanni ana horo, wanda ya faɗi a sallame shi. Kai kuma ka tsallake duk wannan ka tsaya a hatimi.

Yanzu dubi karen da ka raina. In an gama kawar da amfanin gona, rani ya shiga, ka tsaya a kowace hanyar fita Kano da sassafe, za ka ga motocin mafarauta, mutane a sama, karnuka a tsakaninsu, sirara, gashi a kwance, ƙafa doguwa, ciki a ɗame. Babu mai takarda a cikinsu, amma ka tambayi maigidan kowanne, zai gaya maka uwarsa wace ce, me ta taɓa kamawa, ubansa na wane ne a wane ƙauye. Nasabar tana kansa. Ba ya karɓar ɗan kwikwiyo don launi, yakan nemi ɗan karyar da ya ga aikinta da idonsa: hancinta, juriyarta a rana, ko tana jin kira, ko tana tsayawa in daga ta yi zafi. Wanda bai yi ba, ba a neman irinsa. Abin da mafarauci ya bari kuma rana da kaska da yunwa sun tace shi tun kaka da kakanni. Karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma karen nan shi ke maganin ɓarawon nan.

Kada ka ce zancen 'yan tasha ne, ga na masu digiri. A 2009 Adam Boyko na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa sun ɗebi jinin karnukan ƙauye a Masar da Yuganda da Namibiya, suka tarar yawancinsu ba ɓatattun jikokin karnukan Turai ba ne, tsohon tushe ne mai zaman kansa, jininsa kuma ya fi na masu littafi yalwa nesa ba kusa ba. Karen Kwango da ake kira Basenji, da Turawa suka ɗauke shi suka rufe a littafi, jinin ya ƙuntata, cututtukan gado suka dame shi, sai da ƙungiyar nasabar karnuka ta Amurka ta sake buɗe littafin a 1990 don a shigar da waɗanda aka je aka samo daga ƙauyukan Kwango. Sun koma neman magani wurin marasa takarda. Mafi daɗin labarin ma yana bakin ƙofar sitonka yana dafa shayi. Dogon karen nan na Buzaye, na kwarin Azawak da ke arewa da Tawa har cikin Mali, an fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970, kuma a 2019 ƙungiyar Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista. Yau ana sayar da shi da hatimi da tsada. Na tabbata da daga can aka aiko maka shi a jirgi da ka saya ka raba lemo. Mai gadinka da shi ya tashi, ya san kare tun kafin ka san boko, kuma ba ka taɓa tambayarsa ba.

Ga kuma maganar zafi, wadda ba ta buƙatar bincike, fita waje kawai. Kare ba ya gumi ta jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi. A watan Afrilu Kano na haura maki 40. Kaftin ma da sauƙi. Akwai masu kuɗin da ke sayo Kokeshiyan, ƙaton da aka yi shi don dusar ƙanƙarar duwatsun Kokesas, su kulle shi a keji mai rufin kwano, su ce suna son kare. Wannan ba so ba ne, gasa shi ake yi da ransa.

Da a nan ka tsaya, da na yi dariyata na wuce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sabon shirin da ka raɗa mini. Dillalin karen nan da lambarsa ba ta shiga in ɗingishin Kaftin za ka faɗa masa, ta shiga garau da zai tallata maka wata. Ka ce mini, "ƙanwarsa zai zo wata mai zuwa." Na ɗauka namiji za ka ƙaro, sai na tuna ku a Zazzau ko amarya ce "ya zo" ne. Mutumin da harshensa bai raba kare da karya ba, shi ne zai buɗe gidan kiwo. Ka ma ɗauko biro ka buga mini lissafi: haihuwa biyu a shekara, takwas-takwas, a ninka da kuɗin babur, kafin shekara uku ka sayi fili a Samaru ka huta da rodi. Lissafin dokin Rano ke nan, kuma Rano tamu ce, mun fi ka sanin yadda yake ƙarewa.

Fara da abin da ke gaban hancinka: wa da ƙanwa ne, ciki ɗaya. Duk abin da Kaftin ke ɓoyewa a jini, akwai yiwuwar ita ma tana ɓoye da shi, kai kuma za ka haɗa su ka sayar wa bayin Allah sakamakon. Ƙungiyar da Stephanitz ya kafa, wadda kake tinƙaho da sunanta, ba ta yarda a haɗa kare sai an ɗauki hoton ƙugunsa likita ya sa hannu, ya kuma ci jarrabawar aiki. Mai kiwo na ƙwarai yakan jira karya ta gama girma, wajen shekara biyu ga manyan iri, ba ya ɗora mata ciki a zafinta na farko, ba ya kuma jera mata haihuwa a kan haihuwa har ta zube. Yakan dubi hali kafin kama, don kare mai firgici ko mai cizo ba dalili yana iya gadar da shi, kuma ƙato mai wannan hali a unguwa mai cike da yara da almajirai ba gadi yake ba, bala'i ne a ɗaure. Ciki kwana 63 ne ko kusa da haka. In an haihu aikin ya fara ke nan: maganin tsutsar ciki tun suna 'yan makonni, allurar farko tsakanin mako shida zuwa takwas, a maimaita har su kai wajen wata huɗu. Akwai cutar amai da gudawar jini da likitoci ke kira fabo, wadda ta bayyana a duniya a 1978. Ƙwayarta takan yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba, tana iya share ciki guda a mako ɗaya, kuma karen Jamus da Rotwaila suna cikin waɗanda ta fi kayarwa. Ba a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas, don a wurinta da 'yan uwansa yake koyon iyakar cizo da wasa. Kaftin kuwa da aka miƙo maka shi a tasha ko tsayuwa bai gama iyawa ba, dillali yana sauri ya huta da ciyarwa.

Sai babbar tambayar da biron naka bai rubuta ba: su takwas ɗin, ina za su? Mai kiwon kirki yakan san masu karɓa tun kafin barbara. Yakan tambayi mai saye ina zai ajiye shi, wa zai kula da shi, yana da inuwa, yana da katanga. Yakan hana wanda bai dace ba ko da ya zo da kuɗi a hannu, abin da na san zai yi maka ciwo, ni ma Bakano da nake faɗa sai da na ji a jikina. In abu ya ɓaci bayan shekara, yakan karɓi karensa ya dawo da shi gida. Kai ka sayar da uku, biyar su rage, su girma, su fara cin abin da ya fi cefanen gidanka. Sai ka fara kyauta ga wanda bai nema ba. Daga nan bola, daga bola kwata, mai sa'a ya zama karen unguwa, marar sa'a a loda shi a mota zuwa kasuwar Dawaki ta Kanke a Jihar Filato, inda ba a tambayar sunan kaka.

A nan wasa ya ɗan tsaya, don karen da ba shi da mai shi shi ne hanyar ciwon haukan kare. Cutar tana kashe mutum wajen 59,000 a duniya kowace shekara, yawanci a Afirka da Asiya, da yawansu yara, kuma kusan kashi 99 cikin ɗari daga kare ne. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Kuma ba ruwanta da nasaba, yadda take kama karen bola haka take kama Kaftin. Rigakafinta kuwa a hannu yake: allura in kare ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri, cutar takan rasa hanya. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada a tsaya neman gashin karen. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar karnuka a nan gida. Ka san daga ina ta tashi? A Zariya Turawa suka fara kafa sashen kula da dabbobi a 1913, a 1924 aka kwashe aikin zuwa Vom. Shekara goma sha ɗaya suka iya jure zama da ku, ni ga shi na fi su haƙuri.

Kada Kanawa su karanta wannan su yi ta ƙyaƙyata, akwai namu kason. Wanda ya ɗauko karen gida don banza ne, ya sake shi yana kiwon kansa a juji, ba allura, ba magani, karyarsa tana zuba 'ya'ya a kwalbati duk shekara yara suna bin su da dutse, shi ma mai kiwon banza ne irin wanda Bazazzagi ke shirin zama, hatimi kawai ya rasa. Karen gida yana da juriya, amma fabo na kashe shi, kaska na shanye shi, ƙishirwa na damunsa. Mun haddace hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, a aikace kuma jifa muka fi iyawa.

Tunda na taɓo addini, ku da kuke alfahari da zaurukan karatu na cikin birnin Zariya, ka koma ka buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid, babin ciniki. Za ka tarar an hana sayar da kare, an kuma yi saɓani a kan wanda shari'a ta yarda a ajiye. Hadisi ya ba da izinin na farauta da na kiwo da na gona, malamai na baya suka shigar da gadin gida in akwai buƙata. Ana ma ba da labarin cewa shi mai Risalar ya ajiye kare da katangarsa ta faɗi, da aka yi masa magana ya nuna da Imamu Malik ya ga zamaninsu da zaki zai ajiye. Gadin sito dai ka samu mafita. Buɗe masana'antar 'yan kwikwiyo don sayen fili kuwa, ka je ka zauna gaban malaminka ka karanta masa lissafin nan da bakinka, ina so in ji a wane shafi zai samo maka.

Ga hukuncin ubangida. Kaftin ya zauna, ka riga ka ɗauko, amana ce a wuyanka har ƙarshen ransa, shekara goma ko fiye. A kai shi asibitin dabbobi na Gwale a duba katin allurarsa, in na jabu ne a sake daga farko. Ranar da za ka je gida ganin dangi ka sa shi a mota zuwa asibitin koyarwa na likitocin dabbobi da ke jami'arku a Samaru, a ɗauki hoton ƙugun nan, abu ɗaya ke nan da na yarda kun fi mu. A yi masa rumfa mai iska, ruwa kada ya yanke, a fita da shi da asuba ko bayan magariba, a nemo mai horo. Ƙanwa ta zauna inda take. In kuɗin ya riga ya fita kuma ta iso, a dandaƙe Kaftin ko a yi mata aikin hana haihuwa kafin zafinta ya zo. In kuma da gaske kana son kare na biyu mai hana ɓarawo sakat, ba wa Buzu kuɗin mota ya je ya zaɓo, ya ga uwar da idonsa, kai kuma ka biya allura.

Shawarar nan ba kyauta ba ce, ka san garin da kake. Kuɗin sharar bara ma ba ka ba ni ba. In watan cika-ciki ya kama zan aiko yaro rumfarka, ka haɗa da na bana, kuma tsaba nake so, kada ka aiko mini da takarda.